Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin matasa na garin Kaduna: ba a fafe gora ranar tafiya

Assalamu alaikum warahmatullah. Ƙannena shugabannin matasa, na wannan ɓangaren da na ƙetaren kogi, Musulminku da Kiristanku, ina gaishe ku da ƙoƙari. Ya hidima da jama'a, ya kuma haƙuri da wannan yanayi da muke ciki. Allah ya kawo mana sauƙi.

Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada, bana shekarata ashirin da bakwai a kan keke. Ina wannan rubutu ne da yawun mu masu sana'ar hannu da muke riƙe da yaran mutane, teloli da kafintoci da makanikai da masu walda da masu gyaran waya, waɗanda iyaye kan kamo hannun yaro su kawo mana su ce ga amana nan. Mun zauna bayan isha'i mu goma sha ɗaya, aka ce tunda ni ne mai yawan karance-karance in rubuta, kowa kuma ya ji abin da na rubuta kafin in saka shi.

Dalilin wasiƙar shi ne mitin ɗinku na ranar Asabar da ta wuce, wanda kuka gayyace mu a matsayin iyaye, mun kuma gode da gayyatar. A wurin kuka yanke cewa za ku sake kiran mutane su fito titi, rana kawai ake jira a sanar a WhatsApp. Mu kuma muka kawo shawara cewa kafin a sa rana a ɗauki sati shida ana horar da waɗanda za su fita, aka ƙi. Da na tashi na fara kawo misalin yadda Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, yake shirya mutanensa, wani daga cikinku ya katse ni ya ce Baba ai wannan labarin Indiya ne, nan Najeriya ce, zauren ya ɗauki dariya. Wani kuma ya ce ai mun rubuta lumana a jikin fosta, me kuma ya rage. Ban yi fushi ba wallahi, amma na kwana da abin a raina, kuma tunda ba a bar ni na ƙarasa ba a can, bari in ƙarasa a nan.

Kada wani ya ɗauka an aiko mu ne mu hana ku fita. Ba wanda ya aiko mu. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai mu ma muke ɗanɗana kuɗarmu, kwastoman da yake ɗinka kala uku da sallah yanzu ɗaya yake yi, wani ma tsohon kaya yake kawowa a rage masa ko a buɗa, man janareto kaɗai ya isa ya cinye ribar wuni. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba kowa damar taruwa cikin lumana, kuma faɗin gaskiya a gaban shugaba addininmu ma ya girmama shi. Rigimarmu da ku a kan yadda za a fita ne.

Ƙorafinmu na farko, kun ɗauki lumana kamar kalma ce da ake bugawa a fosta shikenan. Alhali abu ne da ake koyo kamar yadda yaro yake koyon yanka, ba wanda zai miƙa wa sabon yaro almakashi da shaddar mutane ranar da ya zo. Ku dubi tattakin gishiri da kowa yake ambata idan an ce Gandhi. Turawan Ingila sun hana mutumin Indiya ya haɗa gishiri da kansa ko da yana zaune a bakin teku, sai dai ya saya da haraji a kai. Ranar 12 ga Maris 1930 Gandhi, yana ɗan shekara 60, ya taso a ƙafa daga zangonsa na Sabarmati ya nufi wani ƙauyen bakin teku mai suna Dandi, tafiyar mil 240, kwana 24 suna tafe. Mutum nawa ya fara tafiyar da su? 78. A ƙasar da idan ya ɗaga murya dubun dubata za su fito, 78 ya zaɓa, kuma mutanen da suke zaune tare da shi ne, sun saba da tashin asuba, da aikin hannu, da cin abinci kaɗan, an san sunan kowa, an san kuma idan an mare shi ba zai rama ba. Tun kafin su tashi an tura ɗalibai sun bi ƙauyukan hanya sun duba inda za a sha ruwa da inda za a kwana. Bai kuma yi abin a ɓoye ba, ranar 2 ga Maris ya rubuta wa Lord Irwin, wakilin Sarkin Ingila a Indiya, ya gaya masa ga abin da zan yi, ga dalili, in ka gyara na fasa. Ranar 6 ga Afrilu ya sunkuya a bakin teku ya ɗebi gishiri, daga nan ne ya ce wa sauran jama'a kowa ya yi, kafin abin ya lafa an kulle sama da mutum 60,000.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ma shi ne abin da ya faru a ma'aikatar gishiri ta Dharasana ranar 21 ga Mayu na wannan shekarar. A lokacin an riga an kama Gandhi, wata mata mai suna Sarojini Naidu ce ta ja mutane wajen 2,500. Suna zuwa sahu-sahu, 'yan sanda suna rotsa musu kai da kulake masu bakin ƙarfe, ba wanda ya ɗaga hannu ko don ya kare kansa, a kwashe waɗanda suka faɗi wani sahun ya matso. Wani ɗan jaridar Amurka da ke wurin ya aika labarin duniya ta karanta, daga ranar Turawa suka rasa bakin cewa su ne masu wayewa. To ina tambayarku tsakani da Allah, cikin yaran da za ku kira, mutum nawa ne za a zabga wa kulki su tsaya ba su nemi dutse ba? Ni ban ce su matsorata ne ko 'yan iska ba, ko ni aka daka haka kawai ba tare da an shirya ni ba ban san abin da hannuna zai yi ba. Shi ya sa muka ce a horar.

Mun riga mun ga abin da rashin shirin yake haifarwa. A watan Agusta 2024 an fara zanga-zangar tsadar rayuwa ranar 1 ga wata da kwalaye da waƙe-waƙe, ranar 5 ga wata sai ga dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. Yarona ɗaya, maraya ne daga Rigasa, uwarsa ce ta kawo mini shi, ya fita ba da sanina ba, da la'asar aka kawo shi a Keke Napep kansa a fashe rigarsa jina-jina, kuma dutsen da ya same shi daga bayansa ya fito, daga cikin waɗanda suke tafiya tare. Ni na tsaya a gaban uwarsa na rasa abin faɗa. Maƙwabcina mai POS aka ɓalle masa kes aka kwashe jarinsa, har yau bai dawo daidai ba, yanzu lebura yake yi. Masu shayi, masu kayan miya, 'yan acaba da duk wanda sai ya fita yake samun na tuwo, su suka kwana da yunwa a kwanakin kulle. Ba wanda ya zo ya ce musu sannu a cikin waɗanda suka kira fitar.

Na san abin da za ku ce, ɓata-gari ne suka shigo. Gaskiya ne sun shigo, amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Za ku kuma ce ai harbi aka yi, wannan ma ba mu musa ba, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohin Arewa a waɗannan kwanaki duk da 'yan sanda sun musanta, kuma duk wanda ya kashe rai ba da haƙƙi ba zai amsa a gaban Allah ko da ya tsira a nan. Amma wannan ai dalili ne na ƙara shiri. Wanda ya san akwai harsashi a gaba shi ya fi kowa wajabcin ya san wa yake kaiwa wurin.

Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, a mitin ɗin ba wanda ya faɗi wa yake da ikon cewa a tsaya. Na tambaya aka yi shiru. A farkon watan Fabrairu 1922 ƙin haɗa kai da Turawa ya kai ƙololuwa a Indiya, lauyoyi sun bar kotuna, ɗalibai sun bar makarantun gwamnati, mutane suna ganin 'yanci ya kusa. Sai a wani gari Chauri Chaura 'yan sanda suka harbi masu zanga-zanga suka kashe mutum uku, jama'a suka fusata suka kora su cikin caji ofis suka cinna wuta, 'yan sanda 22 suka mutu. Gandhi ba ya garin, ba shi ya aike su ba, yana iya cewa ɓata-gari ne ya wuce. Bai faɗi haka ba. Ya ce mutanensa ne, kuma laifinsa ne da ya kira su tun ba su shirya ba, ya yi azumin kwana biyar, ya dakatar da gwagwarmayar a ƙasar gaba ɗaya. Manyan abokan gwagwarmayarsa irin su Nehru da ke kurkuku a lokacin ransu ya ɓaci ƙwarai, har yau akwai masana a Indiya da suke ganin ya yi kuskure ya jinkirta 'yanci. Ni dai a nawa ganin bai yi kuskure ba, ku dubi ƙarshen mutanen garin, 19 aka rataye, talakawa ne manoma, ba ko babba ɗaya a cikinsu. Haka abin yake ko'ina, idan ta ɓaci ɗan talaka ake kamawa.

Mu ma ai mun gani da idonmu. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 duk ƙasar nan ta kalli bidiyon yaran da aka kai babbar kotun tarayya a Abuja, ƙanana, sun rame, wasu suna faɗuwa a gaban alƙali, bayan wata uku a tsare, wasu 'yan Kano wasu 'yan Kaduna. Sai da duniya ta yi caa sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su. Tsare yara haka zalunci ne, ba mu da wata kalma. Amma ku ma ku tambayi kanku, a wata ukun nan wa yake da jerin sunayensu, wa ya san gidajensu, wa ya tanadi lauya tun kafin a fita?

Sai maganar buƙata. Fostar da kuka nuna mana buƙatu goma sha ne a jere, daga kuɗin mai har gyaran tsarin mulki, kowanne gaskiya ne amma wanne gwamna ko minista zai iya amsawa ranar Litinin? Lokacin da Gandhi ya ce gishiri, manyan jam'iyyarsa ma sun yi mamaki, wasu jaridu suka yi masa dariya. Shi kuwa ya san ba gidan da ba a sa gishiri a miya, Hindu da Musulmi, mai kuɗi da almajiri, tsohuwar ƙauye ma ba sai an yi mata lacca ba. Kuma abin da ya samu a yarjejeniyarsa da Irwin a 1931 bai taka kara ya karya ba, an saki fursunoni an bar mutanen bakin teku su haɗa gishirin amfaninsu, 'yancin kansa sai 1947. Amma mutane sun ga da idonsu cewa sun nemi abu sun samu. Idan taro ba shi da magana ɗaya kowa sai ya zo da tasa. A 2024 wani ya shigo shagona da yadi fari da shuɗi da ja, ya ce in ɗinka masa tutoci guda hamsin zai biya nan take, na tambaye shi tutar ina ce, ya ce shi ma ba shi aka yi. Na ce ya tafi da kayansa. Bayan kwana biyu na ji an kama teloli a Kano saboda tutar Rasha. Yaran da suka ɗaga ta da yawansu ba su san ma ina Rashar take ba, amma da ita aka samu hujjar liƙa musu cin amanar ƙasa.

Yanzu bari in koma kan wanda ya ce labarin Indiya ne, da wanda na ji yana faɗa a baya-baya cewa Gandhi ai ba Musulmi ba ne. Ƙanena, ban ce ka bi addininsa ba, ban kuma ce waliyyi ne ba. Mutum ne mai kurakurai, a shekarunsa na farko a Afirka ta Kudu ya rubuta maganganun raini a kan baƙar fata waɗanda ni kaina da na karanta raina ya sosu, saboda su ne ma Jami'ar Ghana ta cire gunkinsa a 2018. Wannan ba a ɓoye yake ba. Amma idan makaniki ya iya gyaran inji ba ka tambayar ƙabilarsa kafin ka koya. Kuma tarihinsa cike yake da Musulmi, wani ɗan kasuwa Musulmi, Dada Abdulla, shi ya ɗauke shi aikin lauya ya kai shi Afirka ta Kudu a 1893, a can aka jefo shi daga jirgin ƙasa a tashar Pietermaritzburg saboda launin fatarsa, daga nan komai ya faro.

In kuma sai Musulmi kake so, to ga Khan Abdul Ghaffar Khan, wanda mutanensa suke kira Bacha Khan. Bafatane ne, wato ɗan ƙabilar Pashtun, daga yankin Peshawar da ke Pakistan ta yau, mutanen da duniya ta sani da bindiga da ɗaukar fansa, inda gaba take bin jini har jikoki. A cikin irin waɗannan mutane ya kafa rundunar Khudai Khidmatgar a 1929, ma'ana masu yi wa Allah hidima, suna da inifom ja, suna fareti, suna da kwamandoji, amma ba makami, har suka kai wajen mutum 100,000. Kowa sai ya yi rantsuwa zai bar ramuwa, zai yafe wa wanda ya zalunce shi, zai kuma ba da awa biyu kullum yana aikin taimakon jama'a. Shi bai ce daga Gandhi ya samo ba, cewa yake daga haƙurin Annabi (SAW) da sahabbai a Makka ya samo. Ranar 23 ga Afrilu 1930 sojojin Turawa suka buɗe musu wuta a kasuwar Qissa Khwani, mutane da yawa suka mutu ba su rama ba, har wasu sojojin rundunar Garhwal, waɗanda Hindu ne, suka ƙi bin umarnin harbi aka ɗaure su saboda haka. Wa zai kalli Bafatane ya ce masa matsoraci? Mu da aka karantar da mu tun muna allo cewa mai ƙarfi ba shi ne gwanin kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, bai kamata a ce sai mun je Indiya mun ji wannan ba.

Ba ma sai mun je ba. Malam Aminu Kano a garin nan ya yi karatu, a Kwalejin Kaduna wadda yanzu ake kira Barewa, ya gama a 1942, kuma sananne ne cewa ya karanci Gandhi ya ɗauki abubuwa daga gare shi, har a sauƙin rayuwarsa, wanda ya taɓa shiga gidansa na Gwammaja ya san abin da nake nufi. 'Yan jam'iyyarsa ta NEPU tun daga 1950 sun sha ɗauri da bulala a hannun 'yan doka da kotunan En'e, an kori wasu daga garuruwansu, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya an ɗaure ta sau 16, amma Malam bai taɓa cewa a je a fasa kantin wani ba. Abin da ya yi shi ne ya koya wa talaka ya ce a'a da bakinsa, ya san haƙƙinsa, ya ƙi sunkuyawa. Shekara kusan talatin ana wannan kafin a 1979 sabuwar jam'iyyarsa PRP ta ci Kano da Kaduna, Balarabe Musa ya zama gwamna a nan, aka soke haraji da jangali. Kakanninku ne suka yi wannan, wasunsu suna nan da rai a Tudun Wada da Unguwar Sanusi, ku je ku tambaye su.

Abu na gaba, a zauren nan mutum biyu kacal na gani daga ƙetaren gada. Ku yawancinku ba a haife ku ba ko kuna goye a Fabrairu 2000 lokacin rikicin Shari'a, ni ina da shago a lokacin. Abin da tattaki ya fara, kafin dare garin nan ya zama abin da ba na son tunawa, aka sake a 2002, aka sake a 2011, daga nan ne kogi ya zama iyaka, wanda yake Kakuri ya dawo Rigasa, wanda yake Tudun Wada ya koma Sabon Tasha, kwastomomina na shekaru na daina ganinsu. A Kaduna duk taron da ɓangare ɗaya ya fito shi kaɗai, jita-jita ɗaya ta isa ta juya shi. Ranar 15 ga Agusta 1947 da ake bikin 'yanci a Delhi, Gandhi bai je ba, yana Kalkata inda Hindu da Musulmi suke kashe juna, ya tare a wani tsohon gidan Musulmi tare da Suhrawardy, shugaban Musulmin da Hindun garin suka fi tsana. Da rikici ya sake tashi ya daina cin abinci har sai da shugabannin ɓangarorin suka sa hannu, 'yan daba suka kawo makamansu suka zube a gabansa. Ƙarshe ma ɗan addininsa ne ya harbe shi ranar 30 ga Janairu 1948, yana zarginsa da son Musulmi. A nan gida kuma muna da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a 1992 suna gaba da juna, Fasto ya rasa hannu, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, suka dawo suka haɗa kai suna sasanta mutane har ƙasashen waje. A garinku suke.

Akwai kuma abin da ya shafe ni a matsayina na tela. Gandhi kullum sai ya zauna ya yi kaɗi, ya ce kowa ya sa saƙin gida ya bar yadin Ingila, saboda audugar Indiya ake kwasa a kai can a saƙa a dawo a sayar musu. Yawancin shekarunsa ba a titi ya yi su ba, a irin wannan aikin ya yi su, makarantu, tsaftar ƙauye, saƙa. Mahaifina a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri ya yi aiki, ina yaro idan aka tashi sif kekuna sai sun rufe titi, tun daga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 garin nan da zare ya tashi. Yau duk yadin da nake yankawa daga waje yake zuwa. Ƙungiyar da ba ta da wani aiki tsakanin wannan fita da waccan, ranar fita ba ta san mutanenta ba.

To ga abin da muke roƙo. Ku janye maganar sa rana har sai an yi horon nan, in sati shida ya yi muku yawa ku zo mu zauna a rage, amma kada a ce babu. A horon a gwada komai a aikace, a zagi mutum a ture shi a gani ko zai iya tsayawa, wanda ya kasa ba abin kunya ba ne, a ba shi aikin ruwa ko na rubuta sunaye. Duk wanda zai fita a rubuta sunansa da unguwarsa da lambar wani nasa, ya yi alƙawari a gaban mutane cewa ba dutse, ba gora, ba ƙona taya, ba taɓa kayan kowa. Yaron da bai kai 18 ba kada ya fita ko da ya yi kuka, wannan kam ba ma roƙo ba ne, mu ba za mu bar namu ba. Kowane mutum ashirin a sa musu mai kula ɗaya da riga mai alama. Ku zaɓi buƙata ɗaya ko biyu da wani ofis zai iya cewa e ko a'a a kansu, ku rubuta wa hukuma da 'yan sanda tun da wuri da hanyar da za ku bi da lokacin tashi, ku buga takardar kowa ya gani. Ku nemi lauyoyi tun yanzu. Ku haye gada ku zauna da matasan Sabo da Television da Narayi da Kakuri, a yi kwamiti ɗaya da su tun daga farko, kada a yanke a kai musu labari. Sannan ku fito da mutum uku da sunansu waɗanda idan suka ce a watse an watse, ku kuma faɗa a fili tun yanzu cewa ranar da aka fasa shago ɗaya ko aka jefi mutum ɗaya an dakatar, ko da rana ta farko ce, kuma ku da kanku za ku je gidan wanda aka yi wa ɓarna.

Mu ma ba za mu tsaya daga gefe ba. Mu teloli mun yi alƙawarin ɗinka rigunan masu kula kyauta in kun kawo yadi. Wani kafinta a cikinmu yana da fili a bayan shagonsa da zai ɗauki mutum hamsin, ya ce a yi horon a can. Akwai dattijo ɗan NEPU a layinmu da ya haura tamanin, na yi masa magana ya ce in an ɗauko shi zai zo. Ranar 2 ga Oktoba, ranar haihuwar Gandhi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta tun 2007 a matsayin ranar ƙin tashin hankali, in kun yarda ko a wace shekara ce mu mayar da ita ranar da matasan ɓangarorin biyu za su riƙa haɗuwa.

Yaron nan da aka fasa wa kai yana nan a shagona, yanzu shi yake mini aikin wuyan riga, tabon yana nan a ƙeyarsa. Shekaranjiya ya nuna mini saƙonku a wayarsa ya ce Oga in an sa rana zan je. Na ce masa ya bari in ji daga bakinku tukuna. Muna shago kullum daga tara na safe har bayan isha'i in ban da lokacin sallar Juma'a, waɗanda suka kawo mana takardar gayyata sun san wurin.

Wassalam.

Yayanku,
tela daga Tudun Wada, a madadin masu sana'ar hannu goma sha ɗaya.